Tarihin Charles Walcott, mutumin da ya gano ƙafafun tirilobait a cikin dutse

Charles Doolittle Walcott, Ba'amurken da ya rasu a shekara ta 1927, bai kammala ko makarantar sakandare ba, amma sai da ya zama ɗaya daga cikin manyan masana kimiyya na zamaninsa, ya kuma shugabanci manyan cibiyoyin bincike biyu na ƙasarsa.

Abin da ya fara fito da sunansa wata 'yar halittar teku ce marar ƙashin baya da ake kira tirilobait, wadda masana suka ƙiyasta cewa ta ƙare a duniya shekaru miliyan 252 da suka shige. Babu wanda ya taɓa ganin ta da rai. Abin da ya saura nata shi ne burbushin jikinta da ya sandare ya koma dutse.

Duk da haka halittar tana da dangi na nesa a ƙasar Hausa. Manomin da ya ɗaga dutse a gonarsa a Sandamu ko Baure ya ga kunama, da mai tallar soyayyiyar fara a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, dukansu suna mu'amala ne da halittun da ke cikin babban rukuni ɗaya da tirilobait, wato masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓa-gaɓa. Tabbatar da wannan dangantaka na daga cikin ayyukan da Walcott ya ba da ƙuruciyarsa a kai.

Maraya mai tsintar duwatsu

An haifi Walcott a ranar 31 ga watan Maris na shekara ta 1850 a ƙauyen New York Mills da ke jihar New York. Shi ne autan 'ya'ya huɗu, kuma yana ɗan shekara biyu mahaifinsa ya rasu.

Ya yi karatu a makarantun birnin Utica, amma ya bar makaranta yana ɗan shekara 18 ba tare da takardar shaida ba, ya kama aiki a wani shagon sayar da kayan ƙarafa. Tun yana yaro yake da sha'awar tsintar duwatsu masu ɗauke da siffar halittu, waɗanda suke da yawa a wannan yanki, kasancewar teku ya taɓa shafe shi a zamanin da.

Yana kimanin shekara 20 ya koma zama a gonar wani manomi mai suna William Rust a yankin Trenton Falls. Yana taya shi aikin gona, su biyun kuma suna haƙar wani ramin dutsen farar ƙasa da ke kusa, suna fito da tirilobait cikakku waɗanda ba su farfashe ba, suna sayarwa. A shekara ta 1872 ya auri Lura Ann Rust, daga gidan maigidan nasa.

A shekara ta 1873 ne suka sayar da abin da suka tara ga Louis Agassiz, shahararren masanin dabbobi na Jami'ar Harvard, a kan dala 3,500, kuɗi mai kauri a wancan lokaci. Agassiz ya ƙarfafa wa saurayin gwiwa kan ya binciki wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙafafun wannan halitta suke. Agassiz ya rasu a ƙarshen wannan shekara, bai ga amsar ba.

Halittar da aka rasa gane danginta

Sunan tirilobait na nufin mai tudu uku, domin tsagi biyu ne suka ratsa bayanta daga kai zuwa wutsiya, suka raba shi gida uku: tudu a tsakiya da fiffike a kowane gefe. Idan kuma aka dube ta daga gaba zuwa baya, tana da kai mai kama da garkuwa, da gangar jiki mai gaɓoɓi da ke lanƙwasawa, da kuma wutsiya.

Ɓawon bayanta na da sinadarin farar ƙasa, shi ya sa yake jure wa zamani. Da yawa daga cikinsu na da idanu masu ɗimbin ƙwayoyi irin na ƙuda, kuma madubin kowace ƙwaya da irin wannan sinadari aka gina shi. Idan halittar za ta girma sai ta yi saɓa ta yar da tsohon ɓawo, saboda haka yawancin abin da ake tsinta saɓa ce, ba gawar halittar ba. Idan kuma ta ji tsoro, wasu ire-irenta kan dunƙule kamar bushiya.

Zuwa yau an bayyana ire-irenta fiye da 20,000. Wasu ba su kai ƙwayar dawa ba, mafi girma kuwa, wadda aka samu a lardin Manitoba na Kanada, ta haura santimita 70. Sun fara bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka yi kusan shekaru miliyan 270 a tekunan duniya.

Matsalar ita ce cikin halittar da ƙafafunta ba su da wannan tauri, sukan ruɓe jim kaɗan bayan mutuwa. Don haka masana na farko suka yi ta canke. A shekara ta 1698 Edward Lhwyd na Birtaniya ya ɗauka ƙashin wani faffaɗan kifi ne. Wasu suka sanya ta cikin dangin dodon-koɗi. A shekara ta 1771 Bajamushe Johann Walch ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi yanzu. A shekara ta 1870 Elkanah Billings na Kanada ya nuna wata guda ɗaya mai alamun ƙafafu, amma aka yi ta gardama a kan ko ƙafafun ne na gaske.

Yankan dutse falle-falle

Dabarar da Walcott ya yi amfani da ita ta haƙuri ce zalla. Ya lura cewa a wani siririn shimfiɗin dutse na ramin Rust, taɓo ya binne halittun ne farat ɗaya, da yawansu a dunƙule. Sai ya yi tunanin cewa wadda ta mutu a dunƙule ta rufe ƙafafunta a ciki, kuma mai yiwuwa ma'adini ya cike gurbinsu kafin su ɓace.

Ya riƙa yanka kowace dunƙulalliya da zarto, yana goge yankan da hannu har ya yi sirantakar da haske zai ratsa shi, sannan ya duba a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Ya yanka fiye da 2,000, amma waɗanda suka nuna wani abin kirki ba su kai 300 ba.

Ana cikin wannan aiki matarsa Lura ta rasu a watan Janairu na shekara ta 1876. A wannan shekarar ce ya fitar da sanarwar farko ta abin da ya gano, ya kuma sami aiki a birnin Albany a ƙarƙashin James Hall, babban masanin duwatsu na jihar New York, mutumin da ya yi suna wajen ilimi da kuma wuyar sha'ani.

A shekara ta 1881 mujallar gidan adana dabbobi na Harvard ta buga cikakken rahotonsa. Ya nuna cewa a ƙarƙashin kowace gaɓa ta jikin tirilobait akwai ƙafafu biyu masu gaɓa-gaɓa, kuma kowace ƙafa tana da reshe na biyu da ya danganta da numfashi. Daga nan gardama ta ƙare a kan babban rukunin da halittar take: tana tare da kaguwa da jatan lande da kunama da gizo-gizo da ƙwari.

Sai dai bai dace a komai ba. Da yake yana haɗa siffar ne daga yanka-yanka, ya zana gaɓoɓin numfashin a murɗe kamar igiya, alhali daga baya aka gane cewa jerin siraran zare ne irin haƙoran matsefi. A shekara ta 1893 aka bayyana wasu tirilobait da aka haƙo kusa da garin Rome na jihar New York, waɗanda wani ma'adini mai ƙyallin zinariya ya maye gurbin naman jikinsu. Charles Beecher na Jami'ar Yale ya yi nazarinsu, aka ga ƙafafun ƙuru-ƙuru, tare da wasu dogayen zare biyu na jin motsi a ka, irin na kyankyaso. Wannan ya gaskata ginshiƙin aikin Walcott, ya kuma gyara rassansa.

Daga ƙaramin ma'aikaci zuwa shugaba

A shekara ta 1879 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, Walcott ya shiga a matsayin ƙaramin ma'aikaci. An tura shi yammacin ƙasar, inda ya riƙa auna kaurin shimfiɗun duwatsu a jihar Nevada da kuma cikin babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, a kan doki da alfadari, wani lokaci cikin tsananin hunturu.

Ya mayar da hankali ga duwatsun zamanin da masana ke kira Kambiriyan, lokacin da dabbobi masu ɓawo suka fara yawaita a teku. Tirilobait na da amfani a nan, domin kowane zango na da irin nasa, don haka masani kan gane shekarun dutse da irin wadda ya gani a ciki.

A nan ma ya taɓa yin kuskure ya kuma gyara da kansa. Ya kasance yana bin ra'ayin masanan Amurka kan wanne ne ya riga wani tsakanin rukunoni biyu na tirilobait, alhali masanan arewacin Turai na ganin akasin haka. A shekara ta 1888 ya tafi tsibirin Newfoundland, ya ga duwatsun a jere da idonsa, ya tabbatar cewa Turawan ne ke da gaskiya, ya kuma bayyana hakan a fili.

A wannan shekarar ya auri Helena Stevens, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu: Charles da Sidney da Helen da Stuart.

A shekara ta 1894 ya gaji John Wesley Powell a matsayin shugaban hukumar, a daidai lokacin da take takun-saƙa da majalisar dokoki kan kasafin kuɗi. Walcott ya iya zama da 'yan siyasa, ya farfaɗo da hukumar, har aka ɗora mata alhakin auna gandun daji da kuma fara manyan ayyukan noman rani a busassun jihohin yamma a shekara ta 1902. Haka nan yana cikin waɗanda suka taimaka wa attajiri Andrew Carnegie wajen kafa cibiyarsa ta bincike a birnin Washington a wannan shekara.

A shekara ta 1907 aka naɗa shi sakataren cibiyar Smithsonian, wato shugaban babbar cibiyar gidajen tarihi da bincike ta Amurka, muƙamin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Jami'o'i da dama sun ba shi digirin girmamawa, shi da bai taɓa zama ɗalibi a ko ɗaya ba.

Taskar da ke kan tsauni

Duk da nauyin ofis, kowace bazara Walcott kan kwashi iyalinsa zuwa tsaunukan yammacin Kanada neman duwatsu. A ƙarshen watan Agusta na shekara ta 1909, a kan wata hanyar dawaki kusa da garin Field na lardin British Columbia, ya fasa wasu duwatsu masu falle-falle da suka gangaro daga sama, ya ga abin da bai taɓa gani ba: halittu masu taushin jiki, kwance a jikin dutse kamar an zana su, da idanunsu da ƙafafunsu, wasu har da hanjinsu.

An daɗe ana ba da labarin cewa dokin matarsa ne ya yi tuntuɓe da dutsen, amma littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum bai nuna haka ba.

A shekara ta 1910 ya koma tare da 'ya'yansa, suka hau tsaunin suna bin shimfiɗa bayan shimfiɗa har suka gano inda duwatsun suka fito. Wurin, wanda aka sani da sunan Burgess, taɓon gindin teku ne na fiye da shekaru miliyan 500, wanda ya riƙa binne halittu cikin gaggawa a inda babu isasshiyar iskar da za ta ruɓar da su. Daga baya motsin ƙasa ya ɗaga shi zuwa saman tsauni.

Ya yi ta komawa har zuwa shekara ta 1924, yana ɗan shekara 74. Ana fasa dutse da nakiya da guduma, a ɗora wa dawaki su sauko da shi, a kai tashar jirgin ƙasa zuwa Washington. Jimillar abin da ya tara ya haura guda 65,000.

A cikinsu akwai wata tirilobait da ake kira Olenoides, wadda ta fito da ƙafafunta da zaren kanta, har da wasu zare biyu a wutsiya. Abin da ya sha wahalar hangowa ta cikin yankakken dutse yana saurayi, sai ga shi a shimfiɗe a gabansa yana dattijo. A shekara ta 1918 ya wallafa wani babban nazari kan ƙafafun tirilobait, inda ya sake duba aikinsa na farko.

Shekarun baƙin ciki

Waɗannan shekaru na nasara su ne kuma mafi ɗaci a gidansa. A watan Yuli na shekara ta 1911 matarsa Helena ta rasu a haɗarin jirgin ƙasa a garin Bridgeport. A shekara ta 1913 tarin fuka ya kashe babban ɗansa Charles. A watan Disamba na shekara ta 1917 aka harbo jirgin saman ɗansa Stuart a Faransa, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A shekara ta 1914 ya auri Mary Vaux, mai hawan tsaunuka kuma gwanar zanen furanni, wadda ta riƙa yi masa rakiya a tafiye-tafiyensa na ƙarshe.

Ayyukan hukuma kuma sai ƙaruwa suke yi. Yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka aka kafa kwamitin ba da shawara kan sufurin sama a shekara ta 1915, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama hukumar NASA a shekara ta 1958. Ya kuma shugabanci majalisar masana kimiyya ta ƙasa daga 1917 zuwa 1923.

A fagen jiragen sama ne sunansa ya sami tabo. Wanda ya gada a Smithsonian, Samuel Langley, ya ƙera wani jirgi da ya kasa tashi a shekara ta 1903, kwanaki kaɗan kafin 'yan'uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright su yi nasara. A shekara ta 1914 Walcott ya amince aka yi wa jirgin Langley gyare-gyare masu yawa aka ɗan tashe shi, cibiyar kuma ta riƙa nuna shi a matsayin na farko da ke iya tashi da mutum. Orville Wright ya fusata, ya aika da nasu jirgin gidan tarihi na Landan a shekara ta 1928. Sai a 1942 cibiyar ta janye iƙirarinta, jirgin ya koma Amurka a 1948.

Inda ya yi tuntuɓe

Tarin aiki bai bar wa Walcott lokacin zama ya yi wa halittun Burgess nazari mai zurfi ba. Rahotannin da ya fitar na share fage ne, kuma a cikinsu ya ɗauki kowace baƙuwar halitta ya cusa ta cikin rukunin da aka riga aka sani.

Wadda ta fi yawa a wurin, mai suna Marrella, ya sanya ta cikin tirilobait. Wani abu mai siffar zobe ya ce wata halitta ce mai jiki kamar kunu da ke yawo a saman teku. Wata siririya mai suna Pikaia ya ce tsutsa ce.

Bayan rasuwarsa duwatsun sun shafe kusan shekara 40 a cikin akwatuna ba tare da an sake yi musu duban tsanaki ba. A shekara ta 1966 Harry Whittington, masanin tirilobait da ya koma Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya jagoranci sabon bincike, daga baya ɗalibansa Simon Conway Morris da Derek Briggs suka shigo. Sun riƙa feƙe dutsen da sirarar na'ura irin ta likitan haƙori, suna bin gaɓa ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon ya girgiza masana. A shekara ta 1971 aka nuna cewa Marrella ba tirilobait ba ce, rukuninta daban. A 1975 aka gano cewa wata mai suna Opabinia tana da idanu biyar da doguwar hanta a gaba mai kama abinci. A 1985 aka tabbatar cewa zoben nan baki ne na wata babbar mafarauciyar teku, kuma wani abu da aka daɗe ana ɗauka jikin jatan lande ne, hannun irin wannan mafarauciya ne. Pikaia kuwa, mafi yawan masana na ganin ta a rukunin da ya haɗa da kifi da sauran masu ƙashin baya.

A shekara ta 1989 masani Stephen Jay Gould ya rubuta wani littafi da ya yi farin jini, inda ya soki Walcott da cewa tunaninsa na mazan jiya ne ya rufe masa ido. Wasu masana na ganin sukar ta yi tsauri, domin su ma masu gyaran sun yi nasu tuntuɓen: wata halitta mai suna Hallucigenia da aka sake zanawa a 1977, sai a 1991 aka gane cewa an kifa ta ne, an mai da ƙayoyin bayanta ƙafafu. Bugu da ƙari, da dama daga cikin halittun da aka ce ba su da dangi, bincike na baya ya nuna cewa rassa ne na farko-farko na rukunonin da ake da su a yau, abin da bai yi nisa sosai da hasashen Walcott ba.

Dangin kunama ko na fara?

Tambayar da Agassiz ya ɗora Walcott a kai ta haifi wata wadda har yanzu ba a rufe ta ba. An yarda tirilobait na cikin masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, amma wane reshe ne ya fi kusa da ita?

Masu rai na wannan rukuni sun kasu gida biyu. Akwai gidan kunama da gizo-gizo da kaska, waɗanda ba su da zaren jin motsi a ka. Akwai kuma gidan fara da sauran ƙwari da kaguwa da shanshani, masu zaren da kuma muƙamuƙan tauna.

Masu danganta ta da gidan kunama na kafa hujja da tsarin jikinta, da kuma wata halittar teku mai ɓawo kamar kofaton doki da ke raye har yau a gaɓar Amurka da Asiya, wadda 'ya'yanta ke kama da tirilobait ƙwarai. Masu danganta ta da gidan fara kuwa na nuni da zaren kanta. Shi kansa Walcott ya fara karkata ga ra'ayi na farko, daga baya ya jera ta tare da su kaguwa. Abin da masana suka haɗu a kai shi ne, tirilobait ba ta bar zuriya ba. Reshe ce da ya bushe, sauran rassan suka ci gaba.

Sabbin hujjoji na ci gaba da fitowa. A shekara ta 1984 aka gano wani wuri irin na Burgess a Chengjiang da ke kudancin ƙasar Sin, wanda ya ma girme shi. A 2021 wani bincike ya ƙarfafa cewa reshen sama na ƙafar tirilobait gaɓar numfashi ce. A 2023 masana a Harvard suka sake ɗauko yankakkun duwatsun da Walcott ya goge da hannunsa kusan shekara 150 da suka wuce, suka yi amfani da su wajen bayyana yadda halittar ke naɗe cikinta idan ta dunƙule.

A nahiyar Afirka kuwa, Maroko ce cibiyar wannan fage. A garuruwa irin su Alnif da Erfoud, iyalai da dama na cin abinci da haƙo tirilobait da sassaƙe su. A shekara ta 2024 wata tawaga ƙarƙashin Abderrazak El Albani ta bayyana wasu da tokar aman wuta ta binne a tsaunukan Atlas fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, waɗanda suka nuna bakin halittar da gaɓoɓin kanta fiye da duk wanda aka taɓa gani.

Tekun da ya ratsa Arewa

Mai neman tirilobait a ƙasar Daura ko Katsina ko Kano zai sha wahalar banza, kuma dalilin na cikin tarihin duwatsun yankin. Manyan duwatsun da ake gani a tsaye, irin waɗanda ake fasawa a yi tsakuwa, daga narkakken dutse suka samu ko kuma zafi da matsi sun sauya su, don haka ba sa adana burbushin halitta. Shimfiɗun yashi da laka da suka rufe su a wasu wurare kuwa sun kwanta ne bayan tirilobait ta daɗe da ƙarewa.

Amma teku ya taɓa shigowa. Tsakanin kimanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani siririn teku ya riƙa ratsa inda Sahara take a yau, yana shiga yana janyewa. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato cike yake da ɓawon halittun ruwan gishiri. A ramin Ashaka na jihar Gombe kuma ana samun amonait, wasu halittun teku masu murɗaɗɗen ɓawo kamar ƙahon rago, waɗanda su ma suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka shige. Su ma, kamar tirilobait, ɓawonsu ne ya saura, kuma har yau ana ƙoƙarin gano cikakkiyar siffar naman jikinsu.

Ƙarshen rayuwa

Charles Walcott ya rasu a birnin Washington a ranar 9 ga watan Fabrairu na shekara ta 1927, yana da shekara 76, bayan ya sami shanyewar jiki. An binne shi a maƙabartar Rock Creek da ke birnin.

A shekara ta 1980 hukumar UNESCO ta sanya duwatsun Burgess cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ramin da ya haƙa a kan tsaunin na ɗauke da sunansa. Da yawa daga cikin sunayen da ya raɗa wa halittun na nan ana amfani da su, ciki har da Sidneyia, wadda ya sanya wa sunan ɗansa Sidney.

An sauya yawancin rukunonin da ya jera halittun Burgess a ciki. Amma waɗanda suka sauya su sun yi haka ne da duwatsun da ya sauko da su daga tsauni, ya rubuta wa kowanne inda ya fito, ya adana. Suna nan a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, yankakkun duwatsunsa na ƙuruciya kuma suna Harvard, inda masu bincike ke ci gaba da zuwa duba su.